TA YARDA KO BA TA YARDA BA? FAFUTUKAR GYARAN DOKOKIN FYAƊE A NIJERIYA

A kowace shari'ar fyaɗe da ake yi a ƙasar nan, ko a Babbar Kotu ta Ikeja ne ko a gaban alƙali a Kano, kan magana ɗaya ake kai da kawowa: shin macen nan ta yarda, ko kuwa ba ta yarda ba? Wanda ake tuhuma, in ya ga ba shi da hanyar musa aukuwar abin, sai ya ce ai da son ranta aka yi. Daga nan sai shari'a ta juya, ta bar kansa ta koma kan mai ƙara. Me ya kai ta ɗakinsa? Don me ba ta yi kururuwa ba? Ina rauni a jikinta? Me ya sa ta kwana uku ba ta gaya wa kowa ba?

Irin waɗannan tambayoyi ne suka sa ƙungiyoyin mata da lauyoyi da likitoci suka shafe fiye da shekara 20 suna fama a gyara dokokin fyaɗe na Nijeriya. Abin da suke nema shi ne doka ta daina auna laifin da yawan kokawar da mace ta yi, ta auna shi da ko ta amince da zuciya ɗaya, tana da hankalinta, kuma tana da damar cewa a'a.

Maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ƙwarai, domin dokar da ke kansu a Agege ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko Fatakwal, ba ita ce dokar da suka baro a gida ba. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

DOKOKI BIYU, ƘASA ƊAYA

Tun daga samun mulkin kai Nijeriya ke aiki da manyan kundayen dokokin laifi guda biyu. A Kudu akwai wanda ake kira Kiriminal Kod. Abin mamaki, a Arewa Gwamna Lugga ya fara kafa shi cikin 1904, sa'an nan aka shimfiɗa shi ga ƙasa baki ɗaya cikin 1916. Daga dokar Jihar Kwinsland ta ƙasar Ostareliya aka kwafo shi.

A Arewa kuwa akwai Final Kod. Gwamnatin Sardauna ce ta gayyato wani kwamiti na masana shari'a cikin 1958, a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, kuma bisa shawararsu aka tsara kundin da ya soma aiki cikin 1960. Daga dokar Sudan aka ɗauko shi, ita kuma ta Sudan daga ta Indiya ta 1860 ta samo asali.

Duka kundayen biyu sun ambaci yarda. Sashi na 357 na Kiriminal Kod ya ce fyaɗe shi ne saduwa da mace ko yarinya ba da yardarta ba, ko da yardar da aka samu ta hanyar ƙarfi, ko barazana, ko tsoratarwa, ko yaudara game da ainihin abin da za a yi, ko kuma mutum ya yi shigar mijinta. Hukunci shi ne ɗaurin rai da rai. Sashi na 282 na Final Kod ya faɗi kusan haka, ya kuma ƙara da cewa in yarinya ba ta kai shekara 14 ba, ko mace ba ta da hankali, to, ko ta yarda ko ba ta yarda ba, fyaɗe ne.

Mai karatu zai ce to, tun da haka ne, ina abin gyara? Amsa ita ce dokokin sun kira sunan yarda, amma ba su bayyana mece ce ita ba. Sai aka bar wa ɗan sanda da lauya da alƙali kowa ya fassara da abin da ya tashi da shi.

INDA GIZO KE SAƘAR

Masu neman gyara sun daɗe suna nuna giɓi a wurare da dama. Na ɗaya, a tsofaffin dokokin mace kaɗai ake yi wa fyaɗe, namiji kaɗai ke yi. Yaron da babba ya lalata, laifin sai a ba shi wani suna dabam. Na biyu, in da wani abu aka yi amfani, kamar sanda ko kwalba, ba a kiransa fyaɗe ko da ɓarnar ta fi muni.

Na uku, game da lalata yarinyar da ba ta kai shekara 13 ba, sashi na 218 na Kiriminal Kod ya ce sai an shigar da ƙara cikin wata biyu, kuma ba a ɗaure mutum bisa shaidar mutum ɗaya tak. Kowa ya sani ƙaramar yarinya takan yi watanni tana ɓoye abin saboda tsoro, sai ciwo ko ciki ya tona. Kafin nan wa'adi ya wuce.

Na huɗu shi ne tsohuwar Dokar Shaida, wadda ta ba lauyan wanda ake tuhuma damar ya nuna cewa mai ƙara dama can ba ta da kamun kai. Watau sai a kwance mata zane a gaban jama'a, a tono samarinta na da, kamar dai wadda ta taɓa yarda da wani ta yarda da kowa ke nan har abada. Sai cikin 2011 aka toshe wannan ƙofa. Sashi na 234 na sabuwar Dokar Shaida ya hana a tambayi mai ƙara mu'amalarta da wasu maza dabam, sai da izinin kotu.

Bayan duk wannan kuma akwai al'adar kotuna ta neman wata hujja da za ta ƙarfafa maganar mace, kamar yagaggen tufafi, ko tabo, ko wanda ya ji ihu. Fyaɗe kuwa ba a tsakiyar kasuwa ake yinsa ba. Galibi a ɗaki ne, kuma mai yin sananne ne: maƙwabci, ko ɗan'uwa, ko malami, ko maigidan da yarinya ke wa aiki.

DARASI DAGA INDIYA DA SUDAN

Tun da daga Indiya da Sudan dokar Arewa ta fito, ya kamata a dubi abin da ya auku a can. Cikin 1972 aka zargi 'yan sanda biyu da yi wa wata yarinya matashiya fyaɗe a cikin caji ofis a Jihar Maharashtra ta Indiya. Magana ta kai har Kotun Ƙoli, ita kuma ta sallame su, bisa cewa babu rauni a jikin yarinyar kuma ba ta yi kururuwa ba, saboda haka wai ta yarda. Cikin 1979 malaman shari'a huɗu na jami'a suka rubuta wa Babban Jojin ƙasar buɗaɗɗiyar wasiƙa, suna cewa miƙa wuya don tsoro dabam, yarda dabam. Mata suka fito tituna. Cikin 1983 aka gyara doka: in a hannun hukuma abin ya faru, kuma aka tabbatar an sadu, mace ta ce ba ta yarda ba, to, kotu za ta ɗauka ba ta yarda ba sai in an kawo hujjar da ta rushe haka.

A Sudan kuwa, dokar laifuffuka ta 1991 ta cakuɗa fyaɗe da zina a sashi na 149, har ya zama macen da ta kai ƙara ta kasa kawo hujja tana iya komawa ita ce mai laifi. Ƙungiyoyin matan ƙasar suka yi ta fafutuka, har cikin 2015 aka raba laifuffukan biyu.

Wannan batu ya taso a Arewa ma bayan da Zamfara ta soma aiki da dokokin laifi na shari'ar Musulunci cikin 2000, jihohi 11 suka bi bayanta. A fiƙihun Malikiyya babu haddi a kan macen da aka tilasta, kuma wanda ya tilasta ta, ban da hukuncinsa, sai ya biya ta sadaki. Akwai ma malaman mazhabar da suka sanya fyaɗe da makami a sahun fashi. Ƙorafin masu neman gyara shi ne, in aka nemi shaidu huɗu a kan fyaɗe kamar yadda ake nema a kan zina, to, da wuya a taɓa kama kowa, ita kuwa yarinya ciki ya riga ya tona ta.

SHEKARA 13 A MAJALISA

Cikin 2001 ƙungiyoyi da yawa suka haɗa kai suka kafa wata gamayya mai suna LACVAW don neman doka a kan cin zarafin mata. Cikin waɗanda suka riƙe ragamar aikin akwai ƙungiyar WRAPA, wadda Mai Shari'a Fati Lami Abubakar ta kafa cikin 1999, Hajiya Saudatu Mahdi kuma ta daɗe tana babbar sakatariyarta. Watau matan Arewa na cikin waɗanda suka fara wannan gwagwarmaya, ba 'yan rakiya ba ne.

An kai ƙudurin Majalisar Tarayya cikin 2002. Majalisa ta tashi, wata ta zo, ita ma ta tashi, ƙuduri na nan kwance. Daga baya aka sake masa suna, aka cire kalmar mata aka sa mutane, don ya game kowa da kowa, kuma 'yan majalisa maza su daina ganin kamar da su ake. Sai ran 25 ga Mayu, 2015, saura kwana huɗu ya sauka daga mulki, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar da aka fi sani da VAPP.

Sashi na 1 na dokar ya faɗaɗa ma'anar fyaɗe. Namiji ko mace kowa na iya zama wanda aka yi wa, kowa na iya zama mai yi. Ko da wace gaɓa ko wane abu aka yi, laifin ɗaya ne. Ta kuma ƙara da cewa yardar da aka samu ta hanyar ba mutum ƙwaya ko wani abin da ke gusar da hankali ba yarda ba ce. Hukunci ɗaurin rai da rai ne, kuma alƙali ba shi da ikon yanke ƙasa da shekara 12 ga baligi, babu zaɓin tara. In taron dangi aka yi, ba ƙasa da shekara 20 ba. Dokar ta ce a biya wanda aka zalunta diyya, a kuma buɗe rajistar sunayen waɗanda aka ɗaure. Hukumar NAPTIP ta ƙaddamar da rajistar ta ƙasa cikin Nuwamba, 2019.

To, amma da sauran rina a kaba. Tun da laifin fyaɗe hurumin jihohi ne, dokar a Abuja kaɗai take aiki, sai kowace jiha ta kafa tata. Wasu suka yi da wuri, kamar Kaduna cikin 2018. Da yawa kuwa suka yi ta jan ƙafa.

SHEKARAR DA TURA TA KAI BANGO

Cikin Fabrairu, 2019, 'yan matan Arewa suka soma ba da labarin abin da aka yi masu a dandalin Twitter, ƙarƙashin taken ArewaMeToo, wanda Fakhrriyyah Hashim ta ƙirƙiro. Sun sha zagi da barazana, an ce suna ɓata sunan Arewa. Duk da haka suka yi ta zarya majalisun jihohi suna neman a karɓi dokar.

Sa'an nan 2020 ta zo, lokacin kullen cutar korona. A ƙarshen watan Mayu aka yi wa wata ɗalibar Jami'ar Benin 'yar shekara 22 fyaɗe da mummunan duka a cikin wani coci inda ta je karatu, bayan kwana uku ta rasu. Farkon Yuni aka yi wa wata ɗaliba 'yar shekara 18 fyaɗe aka kashe ta a gidan iyayenta a Badun. A cikin makonnin nan ne 'yan sanda a Dutse ta Jihar Jigawa suka kama maza 11 a kan zargin lalata yarinya 'yar shekara 12. Kudu da Arewa, Kirista da Musulmi, babu wanda ya tsira.

Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya ce daga Janairu zuwa Mayu na shekarar an kai masu ƙarar fyaɗe 717. Waɗanda aka kai ke nan. Tun cikin 2014 wani bincike da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF ya nuna cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, sukan gamu da cin zarafi na lalata kafin su kai shekara 18.

Cikin Yuni, 2020, gwamnonin jihohi 36 suka yi shelar dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Zuwa 2023 fiye da jihohi 30 sun kafa dokar VAPP tasu. A Kaduna, Gwamna Nasir El-Rufai ya sa hannu cikin Satumba, 2020, a kan dokar da ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Jama'a da yawa sun yi murna. Amma wasu lauyoyi sun yi gargaɗi cewa tsananin hukunci ba shi ne magani ba in ba a kama mai laifi ba, kuma in aka san kisa ne, dangi za su ƙara ɓoyewa idan mai laifin ɗan gida ne.

TO, MECE CE YARDA?

Jihar Ikko ta yi watsi da Kiriminal Kod ta kafa dokar laifuffuka tata cikin 2011, kuma ta amsa wannan tambaya a fili. Ta ce mutum ya yarda ne in ya amince bisa zaɓin kansa, yana da 'yanci da ikon yin zaɓin da kuma bayyana shi. Kalmomi uku ne ke nan: zaɓi, da 'yanci, da iko.

Alal misali, a ce yarinya mai tallar fura, mai saye ya ce ta biyo shi ɗaki ta karɓi kuɗinta, ya kulle ƙofa. Shigarta ɗakin ba yarda ba ce, kuɗin furarta ta bi. Ko 'yar aiki da maigida ya ce zai ƙaƙaba mata sata in ta ƙi. Shirunta ba yarda ba ce, domin ba ta da 'yanci. Wadda ke barci, ko aka zuba mata wani abu a lemo, ba ta da iko. Yaro kuwa doka ba ta san da yardarsa ba sam. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce saduwa da wanda bai kai shekara 18 ba fyaɗe ne, ko ya yarda, ko mai laifin ya zaci babba ne.

Game da maganar kururuwa, likitoci a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin sun binciki mata 298 da aka yi wa fyaɗe, suka buga sakamakon cikin 2017. Kashi 70 cikin ɗari sun ce jikinsu ya sandare lokacin da abin ke faruwa, sun kasa motsi, sun kasa magana. Duk wanda ya taɓa yin kiciɓis da ɗan fashi ya san yadda tsoro ke ɗaure harshe.

Cikin 2018 Suwidin ta kafa dokar da ta ce duk saduwar da ba da son rai ba fyaɗe ce, ko babu ƙarfi ko barazana. Sifen ta yi haka cikin 2022, bayan wata shari'a ta maza biyar da suka afka wa 'yar shekara 18 a garin Pamplona cikin 2016, kotun farko ta ce ba fyaɗe ba ne tun da ba ta ga an yi amfani da ƙarfi ba. Japan ta bi cikin 2023, Faransa cikin 2025.

Akwai masu tsoron irin wannan doka, suna cewa za ta ba da damar a yi wa maza ƙazafi. Tsoron ba na banza ba ne, domin ɗaure marar laifi ma zalunci ne. Amma masu neman gyara suna amsawa cewa nauyin kawo hujja yana nan a kan mai gabatar da ƙara, kuma duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. Abin da ya sake shi ne tambayar da kotu ke yi. Da ana tambayar mace yaya ta ƙi, yanzu ana tambayar namiji yaya ya san ta yarda. Gaggawa ma tana da nata hatsarin. A Sifen, kuskuren tsara hukunci ya sa aka rage wa fursunoni fiye da 1,000 wa'adi, sai da aka sake gyara dokar cikin 2023.

Inda aka fi taƙaddama shi ne tsakanin miji da mata. Kiriminal Kod da dokar Ikko sun cire ma'aurata daga laifin, Final Kod ya ce ba fyaɗe ba ne in matar ta balaga, dokar VAPP kuwa ba ta ce komai a fili ba, lauyoyi na ta saɓani. Ingila ta soke wannan togaciya cikin 1991, Afirka ta Kudu cikin 1993. A nan gida malamai da limaman coci da yawa ba su yarda a kira shi fyaɗe ba, ko da yake sun yarda cutar da mace haramun ne. Wannan muhawara ba ta ƙare ba.

ABIN DA YA RAGE GA JAMA'A

Doka a takarda ba ta kai kanta kotu. A unguwannin Hausawa na Kudu, in irin wannan ta auku, abin da aka saba shi ne a rufa asiri. A taru a zauren mai unguwa ko gaban dattawa, a yi sulhu, a ba da kuɗin magani, a sa yarinya a mota a mayar da ita gida wajen kakanni. Baƙo ba ya son shiga caji ofis a garin da ba nasa ba, ga rashin jin Turanci, ga tsoron kashe kuɗi, ga fargabar yarinya ta rasa miji. Shi kuwa mai laifi yana nan a unguwa, gobe 'yar wani ce.

Ya kamata a san cewa a jihohin da ke bin Kiriminal Kod, karɓar kuɗi don a rufe babban laifi shi ma laifi ne a ƙarƙashin sashi na 127. Ya kamata kuma a san cewa abin farko shi ne asibiti. Maganin rigakafin cutar ƙanjamau sai an soma shan sa cikin awa 72 yake aiki, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana biyar. Kada a wanke tufafin da ke jikinta, domin shaida ne.

A Ikko akwai cibiyar Mirabel da ke cikin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar a Ikeja, wadda Itoro Eze-Anaba ta buɗe cikin 2013 don duba waɗanda aka yi wa fyaɗe da ba su magani da shawara kyauta. Gwamnatin jihar ta kafa rundunar yaƙi da cin zarafi cikin 2014, ta mai da ita cikakkiyar hukuma cikin 2021, kuma tun 2018 ta ware kotu ta musamman don irin waɗannan shari'o'i. Ba a tambayar mutum ɗan wace jiha ne kafin a saurare shi.

Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwanni a Kudu suna da babban matsayi a nan, domin wajensu ake fara kai kuka. In sun raka uba zuwa asibiti da wajen hukuma, suka nemo masa tafinta, maimakon su kira taron sulhu, to, sun yi wa unguwa baki ɗaya aiki. Masu fafutuka sun yi shekara 13 kafin su ga doka ɗaya ta fito daga majalisa. Ranar da yarinya za ta dawo gida tana kuka, uwa da uba su fara da tambayar wa ya yi mata, ba me ya kai ta ba, ran nan ne gyaran zai iso cikin gida.